Kuɗin Maganin Ma'aikata a Amurka: Wa Ke Biya a Ƙarshe?

Cikin shekara ta 2005 shugabannin kamfanin General Motors, wanda a lokacin nan babu kamfanin ƙera motoci da ya kai shi girma a duniya, suka buga lissafi, suka bayyana wa jama'a cewa a cikin kuɗin kowace mota da suke ƙerawa a Amurka akwai kamar dala 1,500 waɗanda ba su shafi ƙarfe ko taya ko fenti ba. Kuɗin magani ne, watau na asibiti da na likita da na farmasi, waɗanda kamfanin ke biya wa ma'aikatansa da iyalansu da tsofaffin da suka ajiye aiki. Suka ce abin da ke tafiya wajen magani a kan mota guda ya fi kuɗin ƙarfen da aka ƙera ta da shi. Mutanen da ke rataye a wuyan kamfanin ta wannan fanni sun kai miliyan 1 da dubu 100, sun fi yawan mazauna birnin Yamai na wancan zamani, kuma cikin 2004 kaɗai an kashe musu dala miliyar 5 da miliyan 200.

Sai mai karatu ya lura, dalar da ake magana a nan ta Amurka ce, ba dalar nan ta tamma biyar da ake ciniki da ita a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ba. Miliyar kuwa ita ce miliyan dubu.

Wanda ya saba da tsarin Faransa zai yi mamakin wannan labari. A can, tun 1945, akwai asusun ƙasa wanda ma'aikata da iyayen gidansu ke zuba wa kuɗi, shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin magani, ko mutum ya sake wurin aiki ko bai sake ba. Amurka ba ta bi wannan hanya ba. Gwamnati tana ɗaukar nauyin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama ta wani shiri da ake kira Medicare, wanda aka kafa cikin 1965, tana kuma taimakon matalauta ta wani shirin dabam. Amma mutum mai ƙarfi a jika, mai aikin albashi, galibi ubangidansa ne ke yi masa asirans, watau inshorar lafiya. Mutum sama da miliyan 150 ne ke samun magani ta wannan hanya. In aikin ya tafi, asirans ɗin yakan bi shi.

Yadda aka faɗa rijiya

Ba wani ne ya zauna ya tsara abin haka tun farko ba. Cikin 1929 wani asibiti na Jami'ar Baylor a birnin Dallas ya ga malaman makaranta na kwanciya jinya su kasa biya. Sai wani jami'insa, Justin Ford Kimball, ya kawo dabara: kowane malami ya riƙa zuba rabin dala a wata, in ciwo ya kwantar da shi a yi masa jinya har kwana 21 ba tare da an nemi kome daga gare shi ba. Kusan adashe ne, sai dai mai kwasa shi ne wanda rashin lafiya ta faɗa wa. Daga wannan ne ƙungiyoyin asirans da ake kira Blue Cross suka samo asali.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mai da ƙaramin abu babba. Samari sun tafi fagen daga, masana'antu na neman hannu ido rufe, gwamnatin Shugaba Roosevelt kuwa ta yi doka cikin 1942 ta hana ƙarin albashi barkatai don kada tsadar kaya ta hau. Masu kamfanoni suka rasa abin da za su jawo ma'aikata da shi, sai suka shiga yi musu alkawarin magani. Cikin 1943 hukumar da ke kula da sha'anin ƙwadago lokacin yaƙi ta yarda cewa irin wannan alheri ba a lissafa shi cikin albashin da aka ƙayyade. Dokar haraji ta 1954 ta zo ta tabbatar cewa kuɗin da ubangida ya zuba wa ma'aikacinsa na asirans ba a cire masa haraji. To, daga nan lissafi ya fito fili: dala guda ta albashi sai hukuma ta yanki rabonta, dala guda ta asirans kuwa tana isa ga mai ita cif. Shugaba Truman ya nemi a kafa asusun lafiya na ƙasa baki ɗaya cikin 1945, amma ƙungiyar likitocin ƙasar ta tashi haiƙan ta yaƙi shirin har ya mutu. Cikin 1940 kamar mutum ɗaya cikin goma ke da asirans na asibiti. Kafin 1950 ta wuce an kai rabin jama'a. Hausawa na cewa tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Alkawarin Detroit

Cikin 1950 General Motors ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da sandikar ma'aikatan mota, UAW, wadda Walter Reuther ke shugabanta. Kamfanin ya sami kwanciyar hankali daga yajin aiki, ma'aikata suka sami fansho da rabin kuɗin asirans. Shi Reuther ya fi son a ce ƙasa ce ta ɗauki wannan nauyi gaba ɗaya, don ya hango cewa kamfani yana iya tsufa kamar yadda mutum ke tsufa. Masu masana'antu kuwa suna ƙyamar duk abin da zai sa hannun gwamnati cikin harkarsu, suka gwammace su biya da kansu. A cikin shekarun 1960 kamfanin ya karɓi biyan kuɗin duka, har da na waɗanda suka yi ritaya.

A lokacin nan alkawarin ba shi da nauyi. Ma'aikata matasa ne, magani da araha, motocin Amurka kuwa ba su da abokin gasa a gida. Kuma alkawarin jinyar tsufa yana da wani daɗi ga darektan da ke kan kujera: shi ke sa hannu yau, wani ne zai biya bayan shekara talatin. Cikin 1979 ma'aikatan kamfanin a Amurka sun haura 600,000. Daga nan motocin Japan suka cika kasuwa, injuna suka karɓe aikin hannu, aka yi ta rufe masana'antu. Masu aiki suka ragu, masu cin fansho suka ƙaru, har ya zamana kafin 2005 kowane ma'aikaci guda yana da tsofaffi fiye da biyu a bayansa. Kamfanin Toyota kuwa, masana'antunsa na Amurka sababbi ne, ba su tara tsofaffi ba, a gida Japan kuma tsarin ƙasa ne ke riƙe da jinyar kowa tun 1961.

Akwai wani abin lura a nan. Cikin 2002 shugabannin rassan General Motors da Ford da DaimlerChrysler na ƙasar Kanada suka sa hannu a wata takarda tare da sandikar ma'aikatan mota ta can, suna roƙon a kiyaye tsarin lafiya na gwamnati, domin yana rage musu tsadar aiki. Kogi ɗaya ne ya raba Detroit da Kanada. Abin da uwar kamfani ta ƙi a wannan gaɓa cikin 1950, shi ƴaƴanta ke yabo a waccan gaɓa.

Matakin farko da kamfanin ya ɗauka a kan ma'aikatan biro ya faɗa, su da ba su da sandika. Tun 1988 aka fara sa tsofaffinsu biyan wani kaso na magani, alhali littattafan da aka raba musu suna aiki sun ce za a yi musu jinya kyauta muddin rai. Suka kai ƙara. Cikin 1998 wata babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin gaskiya, saboda a cikin takardun shirin akwai wani layi da ya ce kamfani na da ikon sake sharuɗɗa duk lokacin da ya ga dama. Mutane dubbai sun ajiye aiki da wuri bisa dogara ga wancan alkawari. Tun kafin wannan hukunci ma, wata sabuwar ƙa'idar lissafi ta tilasta wa kamfanoni su rubuta jinyar tsofaffi a littafinsu a matsayin bashi. Da General Motors ya rubuta nasa cikin 1992, sai ga dala miliyar 20 da ɗoriya, asarar shekarar ta kai miliyar 23 da rabi. Sauran kamfanoni da suka ga haka suka shiga janye jiki. Cikin 1988, a cikin manyan kamfanoni masu yi wa ma'aikata asirans, kashi 66 cikin 100 suna haɗawa da ƴan ritaya. Yau ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Ma'aikatan masana'anta sun fi wuyar taɓawa. Ran 24 ga Satumba 2007 mutum 73,000 suka ajiye kayan aiki, bayan kwana biyu aka daidaita. Abin da aka shirya shi ne kamfanin ya sauke jinyar tsofaffi daga kansa gaba ɗaya, ya miƙa ta ga wani asusu mai zaman kansa wanda aka kafa domin ƴan sandika. Bashin ya kai kusan dala miliyar 50, kamfanin ya yi alkawarin zuba kamar miliyar 30, da fatan ribar juya kuɗin za ta cike sauran. Ba a kai ga cika wannan ba sai kasuwa ta rushe. Ran 1 ga Yuni 2009 General Motors ya je kotu ya bayyana karyewarsa. Maimakon tsabar kuɗin da ya rage, aka ba asusun kashi 17 da rabi cikin 100 na hannun jarin sabon kamfanin, tsofaffi kuma suka rasa kuɗin gyaran haƙori da na tabarau a wannan lokaci. Asusun ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2010 da mutum sama da 800,000 na kamfanonin Detroit uku. Ba za a ce kuɗin magani kaɗai ne ya kayar da General Motors ba, akwai motocin da ba su karɓu ba da sakacin shugabanni, amma shi ne dutsen da ke ɗaure a ƙafarsa sa'ad da ruwa ya zo.

Rigimar ba ta ƙare nan ba. Cikin yajin aiki na kwana 40 da aka yi a 2019, kamfanin ya so ma'aikata su riƙa biyan kashi 15 cikin 100 na kuɗin maganinsu maimakon kamar kashi 3. A kwana na biyu na yajin ya dakatar da asirans ɗin masu yajin, har sai da surutu ya yi yawa ya mayar bayan ƴan kwanaki. Da aka sasanta, kason ma'aikata ya tsaya inda yake.

Inda ba sandika

Mafi yawan ma'aikatan Amurka ba su da irin wannan garkuwa, kuma lissafin da ke gaban iyayen gidansu ba ya sauka. Wata cibiya mai suna KFF tana bin kamfanoni kowace shekara tana tambayarsu. Bisa ƙididdigarta, cikin 1999 matsakaicin zubin asirans na iyali guda a shekara dala 5,791 ne. Cikin 2025 ya kai dala 26,993, watau sama da miliyan 15 na kuɗin sefa. Ya ninka fiye da sau huɗu da rabi, alhali tsadar sauran kaya ba ta cika ninki biyu ba a wannan tsakani. Wanda ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta da dokar tarayya ta yarda da shi, dala 7 da kwata a awa, ko ya yi shekara cur bai huta ba, abin da zai samu bai wuce dala 15,080 ba. Asirans ɗin iyalinsa ya fi albashinsa nesa ba kusa ba.

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce tura wani kaso kan ma'aikaci. Ana yanke masa nasa zubin daga albashi, wanda cikin 2025 ya kai dala 6,850 ga mai iyali. Sa'an nan akwai abin da za a iya kira kuɗin bakin ƙofa: wani adadi ne da mutum zai fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin asirans ya sa hannu. Cikin 2006 matsakaicinsa ga mutum ɗaya dala 584 ne, cikin 2024 ya kai 1,787. Hujjar masu wannan dabara ita ce wai in mutum ya san kuɗinsa ne zai fita, zai yi taya, ya nemi asibiti mai araha, ya bar zuwa likita a kan ciwon da ba kome ba.

Maganar tana da daɗin ji, an kuwa gwada ta. Wasu masana tattalin arziki huɗu, cikinsu har da Amitabh Chandra da Benjamin Handel, sun bi diddigin wani babban kamfani da ya tashi daga magani kyauta ya koma tsarin kuɗin bakin ƙofa mai yawa, suka buga abin da suka gano cikin 2017. Kuɗin da ake kashewa ya ragu da kamar kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Amma ba su ga alamar cewa ma'aikata sun koyi taya ba. Zuwa likita kawai suka rage, na banza da na kirki gaba ɗaya, har da awon da ke gano cuta tun tana ƙarama. Wannan ba abin mamaki ba ne. Mai sayen gero yana iya zaga kasuwa ya dafa buhu ya tambayi farashi. Wanda ƙirjinsa ya riƙe da tsakar dare ba ya tambayar nawa ne kuɗin gado. Kuma mai hawan jini da ya rage shan magani don tsimi, kamfanin zai sake gamuwa da shi a ɗakin gaggawa, ko kuwa wani kamfanin ya gamu da shi, wanda shi ne abin da wasu darektoci ke fata a zuci.

Wasu kuma rage yawan mutanen suka yi. Dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikatan dindindin 50 ko fiye ya yi musu asirans ko ya biya tara, amma ba ta wajabta masa ɗaukar matar ma'aikaci ko mijin ma'aikaciya ba, ba ta kuma shafi masu aikin ƙasa da awa 30 a mako ba. Cikin 2013 kamfanin jigilar kaya na UPS ya ba da sanarwar cire kamar mutum 15,000 daga cikin matan ma'aikata da mazajensu, waɗanda ke iya samun asirans a nasu wurin aikin. Cikin 2014 kantunan Walmart suka ce za su cire kamar mutum 30,000 masu aikin ƴan awoyi.

An kuma yi yayin shirye-shiryen kyautata lafiya a wurin aiki: awon nauyi, gasar tafiya a ƙasa, lada ga wanda ya bar taba. Jami'ar Illinois ta gwada wannan a kan ma'aikatanta kusan 5,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Ba a ga wani bambancin kirki a kuɗin magani ba. Abin da aka gani shi ne masu lafiya tun asali su suka fi shiga shirin.

Aljihun wa?

Akwai wata magana da masana tattalin arziki, na dama da na hagu, suka kusan haɗuwa a kanta, ko da yake ma'aikata da yawa ba su yarda da ita ba. Kason da ake cewa ubangida ne ke biya, a ƙarshe daga albashi yake fita. Mai kamfani ba ya duba albashi shi kaɗai, yana duba abin da mutum ke ci masa gaba ɗaya a shekara. In asirans ya ƙaru da dala dubu, ƙarin albashin da za a yi shi ke raguwa, ko a fasa ɗaukar sabon ma'aikaci, ko a ba ɗan kwangila aikin shara da gadi don a huta da asirans ɗinsu. Tun da zubin asirans ɗaya ne ga masinja da darekta, ƙaramin ma'aikaci shi ya fi jin jiki: dala 20,000 ba kome ba ce a kan albashin babban injiniya, amma a kan na mai gadi ta kai rabi. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa. Ita ma gwamnati tana biyan nata ta bayan gida, domin harajin da take yafewa a kan wannan asirans ya kai kusan dala miliyar 300 a shekara.

Saboda haka yawancin abin da ake kira rage kuɗin magani, sake masa wurin zama ne kawai. Kayan na nan da nauyinsa, jakin da ke ɗauka ne aka sauya.

Maganar farashi

Me ya sa kayan ke da nauyi haka? Cikin 2023 Amurka ta kashe kusan dala miliyar 4,900 a kan lafiya, kashi 17 da ɗoriya cikin 100 na dukan arzikin da ta samar, abin da babu wata ƙasa mai arziki da ta kusance shi. Tun 2003 wasu masana, cikinsu har da marigayi Uwe Reinhardt na Jami'ar Princeton, suka nuna cewa Amurkawa ba su fi Turawan Yamma zuwa likita ko kwana a asibiti ba. Farashin kowane abu ne ya fi tsada. Cibiyar bincike ta RAND ta duba takardun biya na 2022, ta tarar cewa kamfanoni da masu asirans suna biyan asibitoci kashi 254 cikin 100 na abin da Medicare ke biya a kan aiki iri ɗaya, watau ninki biyu da rabi. Medicare gwamnati ce, ita ke yanka farashinta. Kamfani kuwa sai abin da aka ce masa, musamman a garin da asibitoci suka haɗe suka zama na mai shi ɗaya.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan da ke da asirans suna cikin kamfanonin da ke biyan kuɗin jinya kai tsaye daga asusunsu, kamfanin asirans ɗan aike ne kawai mai riƙe takardu. Duk da haka shekara da shekaru da yawansu ba su san farashin da aka shirya da asibiti da sunansu ba, don ɗan aiken na cewa sirrin ciniki ne. Kamfanin da ke ƙirga kowane ƙusa da ya saya, sai ga shi yana sa hannu a takardar miliyoyi bai ga abin da ke ciki ba.

Manya uku sun yi yunƙurin gyara. Cikin Janairu 2018 Amazon da Berkshire Hathaway da bankin JPMorgan Chase, masu ma'aikata sama da miliyan ɗaya, suka haɗa kai suka kafa wata ƙungiya da daga baya aka sa wa suna Haven. Attajiri Warren Buffett ya kwatanta kuɗin magani da tsutsar ciki mai cinye abincin tattalin arzikin ƙasa. Suka ɗauko shahararren likitan fiɗa, Atul Gawande, ya shugabance ta. Cikin Fabrairu 2021 aka rufe ta ba tare da ta yi wani abin a zo a gani ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ma'aikatan nasu a warwatse suke ko'ina cikin ƙasa, babu garin da suka yi yawan da babban asibiti zai ji tsoron rasa su.

Walmart ya bi wata hanya mai ɗan amfani. Tun 2013 yake ɗaukar ma'aikacin da aka ce a yi wa fiɗar kashin baya ko ta zuciya, ya biya masa jirgi da masauki zuwa wasu zaɓaɓɓun asibitoci irin su Mayo Clinic, a kan farashin da aka yanke tun kafin a fara. Fiye da rabin waɗanda aka tura don fiɗar baya, likitocin can suka ce ba su bukatar wuƙa, motsa jiki da magani sun isa.

Labarin da ya fi jan hankalin jami'an gwamnati daga jihar Montana ya fito, jiha mai faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a. Gwamnatin jiha ita ma ubangida ce, tana da ma'aikata da iyalansu kamar 30,000 a asusunta na magani, kuma cikin 2014 an hango asusun zai karye. Aka ɗauko wata akanta, Marilyn Bartlett, wadda ta daɗe tana aiki da kamfanonin asirans, ta san inda ake ɓoye riba. Ta nemi takardun biya, ta tarar wani asibiti na karɓar ninkin abin da wani ke karɓa a kan aiki iri ɗaya. Sai ta juya cinikin. Da, asibiti ke faɗin farashinsa, a roƙe shi ragi. Ita kuwa ta ce jiha za ta biya ninki biyu da ɗan ɗori na farashin Medicare, wanda ya yarda ya sa hannu, wanda ya ƙi ma'aikatan jiha su nemi wani. Asibitoci suka yi turjiya, sandikar ma'aikata ta mara mata baya da wasiƙu da matsin lamba, har na ƙarshe ya sa hannu cikin 2016. Wani bincike da aka yi daga baya ya ƙiyasta an tsimin dala miliyan 47 da dubu 800 tsakanin 2017 da 2019, ba tare da an rage wa ma'aikata kome ba, kuma babu asibitin da ya rufe saboda haka.

Ma'ajin jihar Karolina ta Arewa, Dale Folwell, ya so ya yi irin wannan cikin 2019, da asusu mai mutum sama da 700,000. A nan manyan asibitoci suka haɗa baki suka ƙi, ƴan kaɗan ne suka sa hannu. Da lokacin sabunta rajista ya matso, malaman makaranta suka ga za su wayi gari ba su da asibitin zuwa a garuruwansu, dole ma'ajin ya janye. Bayan shekara biyar asusun nan ya sake shiga matsi saboda sababbin alluran rage ƙiba irin su Wegovy, waɗanda farashinsu a takarda ya haura dala dubu a wata a lokacin. Aka nemi ragi daga masu yin maganin ba a daidaita ba, sai daga 1 ga Afrilu 2024 asusun ya daina biyan su don rage ƙiba, mutum sama da 20,000 da ke amfani da su aka bar su da aljihunsu.

A Montana ma tsarin bai dawwama yadda aka kafa shi ba. Bartlett ta bar aikin cikin 2018. Wata sabuwar gwamnati ta zo, ta ba kamfanin Blue Cross na jihar riƙon asusun daga farkon 2023, aka sassauta ƙa'idar ɗaure kowane asibiti da farashin Medicare, aka ba kamfanin damar yin ciniki da asibitoci ɗaya bayan ɗaya.